Hancin Mesiye Léonce da Ruhin Ƙasa

Allah ya yi wa garin Monferrac baiwa uku: tudun da ke kallon rana, kogin da ke tare masa sanyi, da hancin Mesiye Léonce Boissarie. Biyun farko ba su taɓa faɗin komai game da kansu ba. Na ukun ne ya ɗauki nauyin yi wa duniya bayani.

Hanci ne na gaske, dogo, mai faɗin ƙofofi, wanda yakan riga mai shi shiga ɗaki ya tsaya yana jiransa. A ƙarƙashinsa akwai gashin baki mai kauri, wanda Mesiye Léonce ke kira mai gadin fada. Sabulu bai taɓa kusantar wannan gashi ba, domin ƙamshin sabulu yana ruɗa hanci. Taje shi kawai ake yi, da ɗan mataji na ƙaho. Mesiye Léonce ba ya gaisawa da mai turare, ba ya bi ta gaban shagon kifi. Shekarar da aka yi wa ofishin ƙungiyar manoman inabi sabon fenti, gida ya koma ya zauna har fentin ya bushe, ya kuma aiko a faɗa wa jama'a cewa ba don kansa ya yi ba, don gari ya yi. A gaban idonsa Mesiye Léonce ake ce masa. A bayan idonsa Hanci kawai ake cewa, ba wanda ya taɓa tambayar hancin wa.

Ɗan gari ne, ɗan manomi, jikan manomi. Sai dai a ƙuruciyarsa ya yi 'yan watanni a Bordeaux yana koyon ɗanɗanon giya. Ya dawo da takardar shaida a cikin firam, da wata irin magana ta cikin hanci wadda tsohuwarsa ta ɗauka mura ce, har ta dafa masa ganye.

Aikinsa haɗi ne. Kowace kaka manoma kan kawo inabinsu ƙungiya, a matse kowane iri daban, a zuba shi a gangunansa: Marlo a nan, Kabarne a can, Malbek a lungu. In sanyi ya kama, sai a ɗebo daga gangunan a jera a kan dogon tebur, a zauna a ga nawa za a zuba na wannan, nawa na wancan, har a fitar da jar giya guda da za ta ɗauki sunan gari. Domin cikar bayani dole a faɗi wannan: Mesiye Léonce ya iya haɗi. Giyar Monferrac tana da daɗi, kuma hannunsa ne. Da a nan ya tsaya, da babu labari.

Amma a wurinsa haɗi ba ya cika sai an yi huɗuba.

Sauran garuruwa da hantsi suke ɗanɗano, kafin baki ya taɓa abinci. Mesiye Léonce ya ce wannan aikin jahilci ne, hanci mai daraja ba ya farkawa sai bayan abincin rana. Saboda haka 'yan kwamitin ƙungiya kan ci nasu abincin, su wanke baki da sabulu kamar yadda matansu suka koya musu, su zo su zauna suna jira. Can sai hanci ya shigo, mai shi na biye. Yakan ɗaga kofin gilashi ya haska a taga, ya juya giyar a hankali, ya cusa hanci har mai gadin fada ya kwanta a bakin kofin, sannan ya rufe ido.

"Jama'a, a yi shiru, gida zai yi magana. Ga Marlo, uwar gida. Mai taushi, mai jiki, ta shigo da ƙamshin 'ya'yan itacen ceri da na ɓauren da ya nuna har ya tsage. Ba ta faɗa da kowa. Ga Kabarne a bayanta, maigida, tsayayye, mai bauri, yana ƙamshin ganyen taba da itacen al'ul. In babu shi gidan zai zube. In ya yi yawa ba mai iya kwana a ciki. Shi kuwa Malbek ƙanin maigida ne da ya dawo daga yawon duniya, baƙi wuluk, aljihunsa cike da masoro. Kaɗan ake so. A ba shi ɗaki, amma kada a ba shi makulli."

Har nan 'yan kwamiti kan gyaɗa kai, domin gaskiya ce, kowa yana jin ta a kofinsa. Sai Mesiye Léonce ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

"Sannan... ga shi nan. Can a ƙarshe, bayan kowa ya yi shiru. Wani abu mai ɗumi, mai ɗan maiƙo, mai ɗan yaji, yana tasowa daga ƙasa ya daki hanci. Ba a gonar kowa yake ba, ba a gangar kowa yake ba. Wannan, jama'a, shi ne ruhin ƙasa."

Kowa sai ya cusa nasa hancin. Tsoho Ferdinand Pouyade, wanda ya fi kowa yawan kuringar inabi da ƙarancin haƙora, yakan shaƙa har ya yi tari.

"Ni dai giya nake ji, Léonce."

"Shi ya sa kai kake noma, ni nake haɗawa."

Da haka ruhin ƙasa ya hau jikin kwalba, ya shiga jaridar lardi. Baƙin da ke zuwa daga Paris sukan rantse sun ji shi, musamman waɗanda suka yi sa'ar tsayawa kusa da Mesiye Léonce lokacin da yake bayani.

Ƙaya ɗaya ce a rayuwar wannan bawan Allah, ita ce shabro. In mutumin Monferrac ya sha miyar tafarnuwa, ya cinye burodin ciki, ya rage ɗan romo a gindin kwano, yakan tsiyaya jar giya a kai, ya juya, ya ajiye cokali, ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya kafa kai. Haka muka taso muka tarar. Wanda ya yi shi yadda ya kamata, bakin kwanon kan bar masa ɗan jan layi mai maiƙo a karan hanci, kuma ba abin kunya ba ne a gan shi da shi.

Mesiye Léonce kuwa ko sunan ba ya son ji.

"Na ɓata damina da rani ina sasanta Marlo da Kabarne," yakan ce a gaban shagon burodi, inda ya fi samun masu saurare saboda layi, "sannan wani ƙato ya zo ya jefa su cikin kitsen agwagwa! Da hannu biyu, kamar alade a gaban kwami! Yaya mutanen Bordeaux za su ɗauke mu? Ni, abincina na rana tuffa ɗaya ce, da busasshen burodi, da ruwa. Hanci amana ne."

Da tsohuwarsa yake zaune, Madam Albertine, wadda ta haura tamanin, a gidan da ke bayan coci. Da tsakar rana akan rufe tagogin gidan ruf, don kada warin titi ya dami hanci. Titin kuwa yana da nasa labarin. Daga ƙarƙashin waɗannan tagogi, kullum a wannan lokaci, wani ƙamshi kan fito wanda babu tuffar da ta taɓa yin irinsa. Abin da ke faruwa a ciki tsararre ne, ba ya canzawa. Madam Albertine kan ajiye kwano. Mesiye Léonce kan sha. In romo ya rage, yakan waiga ya dubi ƙofa, ya tsiyaya giya, ya ɗaga da hannu biyu. Sai ajiyar zuciya. Sai tsohuwa ta ce, ba tare da ta ɗago daga nata kwanon ba:

"Lolo, goge hancinka."

Yakan je gaban madubi ya goge karan hancin da tsumma, a tsanake, yana kaffa-kaffa kada tsumman ya taɓa mai gadin fada. Daga nan ya wuce ƙungiya ya je ya ji ruhin ƙasa.

Duk gari an san da kwanon nan. Ba wanda ya taɓa faɗa. A Monferrac abin da ke tsakanin mutum da kwanonsa nasa ne.

To, akwai jar alkyabba. Manoman garin suna da tsohuwar zumunta, wadda shugabanta ke yafa jar alkyabba, ya rataya ɗan kofin azurfa a wuya, ya buɗe bikin Waliyyi Vincent na ƙarshen Janairu, inda ake fara zuba sabon haɗi. Pouyade ne ya daɗe da ita. A bana ya ce alkyabbar ta yi masa nauyi, a nemi wani a wurin biki, da ɗaga hannu kamar yadda aka saba. Tun ranar Mesiye Léonce bai ƙara tafiya irin ta sauran mutane ba. Ya riƙa taka ƙasa kamar mai jan yadi a bayansa. Ya je wurin tela ya tambaya, a matsayin hira kawai, ko ana iya ƙara wa alkyabba tsawo. Ya kuma sanar a layin burodi cewa aikinsa na farko shi ne ya kori shabro daga teburin biki har abada.

Ana cikin haka gwiwar Madam Albertine ta ƙi. Aka kai ta birni aka yi mata aiki, likita ya ce ta zauna wurin 'yarta har ta iya taka ƙafa. Tagogin gidan bayan coci suka ci gaba da rufuwa da tsakar rana, amma titi ya daina jin komai. A karon farko a rayuwarsa, Mesiye Léonce ya ci abin da yake cewa yana ci.

Ranar haɗi ta zo. Inabin bana ya yi kyau, rana ta wadata, ruwa ya zo a kan kari. Mesiye Léonce ya auna, ya zuba, ya juya, kuma tun a zubin farko kowa ya san an dace. Ya ɗaga kofi. Uwar gida ta shigo da ɓaurenta. Maigida ya biyo da tabarsa. Aka ba ƙanin maigida ɗaki, aka hana shi makulli. Yatsa ya tashi sama.

Yatsa ya tsaya a sama.

'Yan kwamiti suka jira. Mesiye Léonce ya sake shaƙa. Ya canza kofi. Ya fyace hanci, ya nemi gafararsa, ya sake cusawa.

"Babu," ya ce.

"Babu me?" in ji Madam Solange Vergnol, shugabar ƙungiya, mace mai gajeren gashi da gajeren haƙuri.

"Ruhi. Ya fita. Wannan gawa ce."

Madam Solange ta kurɓa, ta juya a baki, ta tofar a bokiti. "Léonce, wannan ya fi na bara."

"Madam, ban ce gawar ba ta da kyau ba."

Aka tashi ba a yanke komai ba. Washegari ya ƙara Malbek. Gawa. Ya rage Malbek ya ƙara Kabarne. Gawa mai bauri. Ya mayar da Marlo gaba. Gawa mai ƙiba. Da haɗi ya ƙare masa, sai ya koma neman mai laifi, kuma a nan ma ya nuna ƙwazo. Ya zargi sababbin ganguna. Ya zargi wata, wanda a cewarsa ya tsaya a karkace. Ya zargi man gashin Madam Solange. Ya zargi samarin da suka tafi birni suka bar ƙasa cikin kewa. A ƙarshe ya tsaya a kan sabuwar taraktar Pouyade, wadda ya ce nauyinta ya danne ƙasa har ruhi ya kasa fitowa.

"Taraktata?" in ji Pouyade. "To zan ce mata ta riƙa ɗaga ƙafa."

An gan shi wata safiya a kan tudu, durƙushe tsakanin layukan inabi, yana sansanar ƙasa, karen maƙwabci na taya shi. An gan shi a ƙofar coci yana tambayar fada, limamin cocin, ko akwai addu'ar da ake yi wa ƙasar da ruhinta ya ƙaura. Fada ya ce zai duba. Mesiye Léonce ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mai gadin fada ya kwanta kamar wanda aka sallama daga aiki. Abin tausayin shi ne, bai yi ƙarya a kan ruhin nan ba ko sau ɗaya. Da gaske ba ya jin abin, kuma girman kansa bai bar shi ya ce yana ji ba. Wannan ma a rubuta masa.

Biki ya matso, ganguna na jira. Madam Solange ta tare shi a bakin rumbun giya, ta tsaya a inda iska za ta kai masa man gashinta.

"Saurara, Léonce. Ranar biki haɗin farko za a zuba, wanda ka yi da hannunka kafin ka fara wannan makoki. In ka sa masa albarka, madalla. In ba ka sa ba, akwai wata yarinya a Bergerac da ta gama karatun haɗi, kuma ita ba ta jin tsoron fenti."

"Madam, ba zan yi wa gawa shaidar rai ba."

"To kada ka yi. Amma ka san mutanenmu. Ba mai ɗaga hannu ya yafa alkyabba ga wanda ya kira giyar garinsa gawa. Ga kwalba, je ka da ita gida, ku yi hira."

Ya tafi da kwalbar. Ana gobe biki ya buɗe ta da yamma, ya shaƙa, ya mayar da murfi kamar mai rufe idon mamaci. Tsakanin alkyabba da gaskiya ya zaɓi gaskiya, ya kuma tsara jawabin da zai yi wa jama'a a kan haka, mai tsawo, mai sa kuka.

A yammacin nan ne 'yar Madam Albertine ta sauke ta a ƙofar gida, da sanda a hannu. Ba don ɗanta ta dawo ba. Tun kafin a haifi rabin garin ita ke tsayawa a kan tukunyar miyar biki, kuma ba ta da niyyar barin matan bana su ɓata ta. Da sassafe ta ɗora 'yar tukunya a gida kafin ta fita, ta tsaya tana duban ɗanta.

"Lolo, mene ne wannan? Dubi wuyanka, kamar na kazar da aka fige. Me ka riƙa ci?"

"Tuffa, Mama."

"Tuffa! Akuya na haifa? Ga miya nan, ka shanye kafin ka fito. Kada ka je ka faɗi a gaban mutane a ce ba ni ciyar da kai."

Ta dogara sandarta ta tafi zauren biki.

Mesiye Léonce ya rufe tagogi. Ya zauna. Cokalin farko ya sa masa hawaye, ya ɗora laifin a kan zafin miya. Da romo ya rage a gindin kwano, ya waiga ya dubi ƙofa bisa al'ada, ya miƙa hannu. Babu giya a kusa sai kwalbar Madam Solange. Ya yi tunani: gawa ce, ba abin da za ta ƙara rasawa. Ya tsiyaya, ya juya, ya ɗaga da hannu biyu.

Bayan ajiyar zuciya, sai ya ga ya kamata ya yi sallama da haɗinsa kamar mutumin kirki. Ya zuba kaɗan a kofin gilashi, ya haska a fitila, ya cusa hanci har mai gadin fada ya kwanta a bakin kofin. Uwar gida. Maigida. Ƙanin maigida. Sannan, can a ƙarshe, mai ɗumi, mai ɗan maiƙo, mai ɗan yaji, daga ƙasa...

Kujera ta faɗi. Mesiye Léonce ya ɗauki hularsa ya fita da gudu, abin da Monferrac ba ta gani ba tun yana makarantar firamare. A gidan kuwa babu wanda zai ce masa komai game da hancinsa.

Zauren biki ya cika. Dogayen tebura, farin ƙyalle, kwanoni a jere, kwalaben sabon haɗi a tsakiya ba a riga an buɗe ba. Pouyade na zaune a kan gaba cikin jar alkyabba, Madam Solange a gefensa. Hanci ya shigo yana haki, mai shi na biye. Ya hau dandamali ba tare da an kira shi ba, ya juyo ya fuskanci jama'a, hasken tagar zaure ya sauka a fuskarsa.

Hayaniya ta ɗauke. A karan hancin nan mai daraja, daga wannan gefe zuwa wancan, ga jan layi, sabo, yana ƙyalli. Tsofaffin da suka san aiki sun ce daga baya ba su taɓa ganin wanda ya kai shi tsafta ba.

Mesiye Léonce ya ɗauki shirun a matsayin girmamawa.

"Mutanen Monferrac! Ya dawo! Ruhin ƙasa ya dawo! Ɓuya ya yi don ya gwada mu. Wasu sun gaji, wasu sun fara zancen Bergerac. Hanci ɗaya ne ya jira, ya yi azumi, ya durƙusa a kan tudu. Da safen nan, ina zaune ni kaɗai da tuffata, ya taso daga ƙasa ya ce mini, Léonce, ga ni. Na sa wa haɗin bana albarka!"

Aka tafa. Madam Solange ta tafa tana kallon rufin ɗaki.

"Amma ku ji. Abin da ya gudu sau ɗaya yana iya sake gudu. Me ya kore shi? Na yi bincike. Ba tarakta ba ce, Ferdinand, na yafe mata. Kwano ne! Ruhi ba ya zama a inda ake jefa shi cikin kitse. Ku zaɓe ni, yau ta zama ranar ƙarshe ta shabro a zauren nan. Ban ce ku yi abin da ban yi ba. Ku dube ni. Ku dubi fuskar nan da kyau. Shin kun taɓa ganin alamar kwano a kanta?"

Ba wanda ya yi dariya. Dole a yaba wa mutanen Monferrac a nan. Wata tsohuwa ta cusa ƙyalle a baki. Mai gidan burodi ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur, ya daɗe bai same shi ba.

"Muna kallo, Léonce," in ji Pouyade. "Wallahi muna kallo."

Tsohon ya miƙe a hankali, ya kwance alkyabba.

"Jama'a, ni ba mai dogon jawabi ba ne, haƙoran ba su isa ba. Na daɗe ina tsoron in bar rigar nan a hannun wanda al'adar gari ke bakinsa kawai. Ina neman wanda za a dube shi a ga Monferrac a fuskarsa. Yau na gani. Wa ya yarda da Léonce?"

Hannuwa suka tashi, har na mai gidan burodi daga ƙarƙashin tebur. Ba a taɓa zaɓe mai haɗin kai irin wannan ba. Mesiye Léonce ya sunkuyar da kai cikin tawali'un da ya kwana biyu yana gwadawa a gaban madubi. Aka yafa masa alkyabba. Aka rataya masa kofin azurfa, wanda matar Pouyade ta goge har yana ɗaukar ido. Ya ɗaga shi don ya nuna wa jama'a, ya dubi cikinsa.

Ya daɗe yana duban hancin da ke kallonsa daga ciki, da jan layinsa.

Kafin ya gama, an ajiye masa kwano a gabansa, da ɗan romo a gindi, da buɗaɗɗiyar kwalba a gefe. Tun da aka kafa zumunta, sabon shugaba ne ke buɗe shabro, sauran su biyo. Zaure ya zuba ido. Mesiye Léonce ya dubi ƙofa, amma wannan ƙofar a buɗe take, kuma cike da mutane.

Ya gyara murya.

"Shugaba ba ya hana abin da bai bincika ba. Zan gwada sau ɗaya. Domin ilimi."

Ya tsiyaya giya ba tare da ya auna ba, ta tsaya daidai inda ya kamata. Ya juya kwanon da wuyan hannu. Ya ajiye cokali a kife. Ya sa manyan yatsunsa a bakin kwanon, sauran a ƙarƙashi, ya ɗaga, ya kafa kai. Ko ɗigo bai taɓa alkyabba ba. Da ya sauke, sabon layi ya hau kan tsohon, ba ƙari ba ragi.

"Kai!" in ji Pouyade. "Ban taɓa ganin ɗan koyo mai saurin ganewa haka ba."

Kwanoni suka tashi a duk zauren, suka sauka. Mesiye Léonce ya ga cewa in bai yi wani abu ba, ranar za ta ƙare a kan kwano. Ya jawo kofin gilashi, ya zuba, ya haska a taga. Ya cusa hanci har mai gadin fada ya kwanta a bakin kofin. Ya rufe ido. Yatsa ya tashi sama.

"Jama'a... ya ma ƙaru. Tunda nake, ban taɓa jin sa da ƙarfi irin na yau ba."

"Daga ƙasa yake tasowa, ko?" in ji Pouyade.

"Daga ƙasa."

"Ƙasan me?"

Amsar daga ƙofar kicin ta zo, inda Madam Albertine ke tsaye, sanda a hannu ɗaya, ludayi a ɗayan.

"Ai dole ya ƙaru. Tafarnuwar bana da ƙarfi take, na kuwa zuba da yawa. Lolo, goge hancinka."